Gugan Rijiyar Madugu

Ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe biyar na yamma, muna zaune a ƙofar shagon Malam Sule tela a nan Kaduna, ni da shi da abokan aikina biyu na gidan rediyo, sai aka sake ɗauko maganar tafiyar da na yi Birnin Gwari da bazara. Kowa da abin da ya ji. Wani ya ji an ce giwa ta kore ni, wani ya ji an ce alƙali ya tsare ni a kan sata. Giwa dai ko sawunta ban gani ba. Maganar alƙali kuwa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin yadda ya faru, in huta da maimaici.

Dalilin tafiyar shi ne, da yake ana ta batun mulkin kai, shugaban sashenmu ya ce a shirya wani shiri da za a ji ta bakin malamai da alƙalai a kan tambaya ɗaya: idan Turawa suka tafi, a kan me za a ɗora mulkin ƙasar nan? Aka rarraba mu garuruwa. Ni aka ba ni Birnin Gwari, domin an ce akwai wani alƙali a can, Malam Isiyaku, wanda ya san abin da yake faɗa. Aka haɗa ni da akwatin ɗaukar magana, wanda nauyinsa ya kusa rabin buhun gero.

Na shiga babbar mota ranar Litinin da hantsi, tana ɗauke da gishiri da kananzir, da fasinja a kan kayan. Direban wani Bayarabe ne, Baba Lasisi, Hausa a bakinsa kamar haifaffen Fagge. Ya ba ni gaba saboda akwatin. Da ya ji aikina sai ya tambaye ni ko ni ne mai karanta labaru da azahar. Na ce wani lokaci ni ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce muryar ta fi mai ita ƙiba.

Da muka wuce Buruku daji ya rufe hanya hagu da dama. Duk inda aka iso gadar katako sai kowa ya sauka ya tsallake da ƙafa, sannan mota ta biyo a hankali tana ƙara. A irin wannan sauka ne ƙudajen tsando suka gane ni baƙo ne. Mutanen wurin kowa na riƙe da reshen ganye yana kaɗawa a wuya da ƙafa, ni kuwa ina ganin kamar ado ne, sai da aka cije ni sau uku sannan na karyo nawa. A kan iyakar ƙasar Birnin Gwari akwai shinge da rumfa, inda ma'aikatan ciwon barci suke jera matafiya suna taɓa wuyan kowa, suna neman kaluluwa. Wanda ya taɓa nawa ya ji kumburin cizon tsando, ya ce in koma gefe. Na yi rabin sa'a a gefen nan, fasinja na ta gunaguni, har babbansu ya zo ya latsa wurin ya ce wannan cizon yau ne, a sake ni. Baba Lasisi ya ce ai da an tsare ni da an yi wa Arewa gata, ta kwana biyu ba ta ji mugun labari ba.

Mun shiga gari bayan la'asar. Alƙali ya sauke ni a ɗakin baƙi da ke jikin zaurensa. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma na iske shi yana ɗinke gafakarsa da hannunsa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, na kuma buɗe akwatin don ya gani, sai ya leƙa ciki ya ce in rufe kada ƙura ta shiga.

"Abin da kake tambaya ba a zaure yake ba, Malam," in ji shi. "Jibi zan fita duba wata rijiya. In kana da ƙafa, ka biyo ni."

Kashegari a ɗakin shari'a na ji maganar rijiyar. Shekara biyu da suka wuce safiyo, mai awon ƙasa, ya yanka iyakar gandun daji a wajen Tabanni, ya kafa duwatsun siminti, aka hana kiwo da sara a ciki. Wata tsohuwar rijiya da ake kira Rijiyar Madugu ta faɗa cikin gandun da kamar taki sittin. Ba wanda ya damu sai bana, da rafin wurin ya ƙafe tun da wuri. Wani Bafulatani, Ardo Buba, wanda rugarsa ta shekara ashirin a gefen, ya shigar da shanunsa ya shayar da su. Malamin daji, Malam Tanko, ya kama shi har sau biyu. Bisa ga doka, wanda aka kama karo na biyu sai ya tashi daga ƙasar da shi da dabbobinsa. Ruwa mafi kusa bayan wannan kwana biyu ne ta cikin dajin tsando, kuma Ardo ya ce shanun da suka rame haka ba za su kai ba. Tun da aka shigar da ƙara an hana su rijiyar, suna tonon yashin rafi suna lasar laka.

Ardo ya ce rijiyar ta girmi gandu, kuma ta kowa ce. Malam Tanko ya shimfiɗa taswira, ya nuna inda safiyo ya rubuta cewa rijiyar kufai ce, ba mai ita. Mutanen Unguwar Madugu, ƙauyen da ke kusa, sun so su yi wa Ardo shaida, amma Tanko ya ce su ma ruwan suke so, kuma shanun Ardo ne ke yi musu taki a gona. Alƙali ya ce wannan magana tasa daidai ce, wanda zai ci amfanin hukunci ba a dogara da shaidarsa. Ya ce ba zai kori mutum a kan takarda ba, ba kuwa zai wanke shi a kan bakin maƙwabtansa ba. Sai ya je ya gani.

Da aka tashi na gaisa da Malam Tanko, ya ji harshena, ya tambaye ni ko Bakano ne ni. Na ce ƙwarai. Shi kuwa Bazazzagi, sai ya juya ya ce wa jama'a kowa ya riƙe takalminsa da kyau. Na ce masa ba abin da zan ɗauka a hannun mutumin da aka ba gadin itatuwa don an san ba za su gudu ba. Daga nan muka saba.

Mun tashi ranar Laraba bayan asuba. Alƙali da Tanko a kan dawaki, Ardo a ƙasa da sandarsa, ni kuma aka yi mini hayar jaki don akwatin, tare da mai shi, wani magidanci mai suna Audu. Rannan mun yini muna tafiya, muka kwana a wani gari a kan hanya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matan Gwari da muka riƙa gamuwa da su. A Kano ko tulu ko itace a ka ake ɗauka, su kuwa a kafaɗa suke ɗora komai, kai a sake. Na tambayi Audu dalili, ya ce sun ce kai ya riga ya ɗauki tunani, bai kamata a ƙara masa kaya ba.

Ranar Alhamis aka tsayar da alƙali a garin don rabon wani gado, ya ce mu masu jaki mu yi gaba, za su cim mana a Unguwar Madugu da yamma. Muka kama hanya ni da Audu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka wuce wasu matan Gwari huɗu da tulunan ruwa a kafaɗa. Jim kaɗan igiyar da ta ɗaure akwatin ta tsinke. Audu ya ce in ja jakin zuwa inuwar can gaba in jira, shi zai shiga daji ya ɓaro ɓawon kalgo ya yi wata.

A inuwar na tarar da rijiya, an yi mata baki da gungumen itace. Ba gida, ba gona, ba kowa. A gefenta an kafa gwafa, a kan gwafar kuwa an rataye guga na fata da doguwar igiya a naɗe. Na duba agogo, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Na taɓa gugan na ji shi da danshi. Na ɗebi ruwa na sha, na shayar da jaki, na wanke fuska.

To, a nan ne na yi abin da ya jawo maganar sata. A unguwarmu a Kano kowane gida da rijiyarsa da gugansa, kuma ko aron guga aka yi sai an biyo sawu kafin magariba. Ban taɓa ganin guga mai kyau haka a waje ba kowa a kansa ba. Na ce a raina lalle matan nan ne suka manta shi. Na tuna abin da muka karanta a kan tsintuwa, cewa wanda ya ga kayan ɗan'uwansa zai salwanta ya adana shi ya yi cigiya. Na naɗe gugan na sa a jakar kayana, da niyyar in ba mai unguwa ya yi shela. Har daɗi na ji a raina. Audu ya dawo ya ɗaure akwati, hankalinsa na kan igiyarsa, muka wuce.

Da muka isa, mai unguwa ya fita taryen alƙali, saboda haka ban same shi ba. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka wadda aka yi da man kaɗe, ga zuma a ƙoƙo, ga kindirmo daga rugar Ardo. Zumar ban taɓa shan irinta ba. Man kaɗen kuwa cikina bai san shi ba, kuma ya nuna mini haka tun kafin la'asar. Tsakanin wannan da hidimar isowar alƙali, maganar guga ta fita daga kaina.

Ranar Juma'a da sassafe aka ɗunguma zuwa rijiyar da ake shari'a a kanta, alƙali da Tanko da Ardo da mai unguwa da dattawa kamar goma. Na rataya jakata na bi su. Da muka wuce dutsen siminti na ga inuwar, na ga gungumen, na gane wurin. Ban dai ga wani abin damuwa ba tukuna.

Alƙali ya zauna a kan buzu ya ce Ardo ya faɗi hujjarsa. Ardo ya ce shi ba shi da takarda, amma akwai abin da duk mutumin ƙasar nan ya sani. Rijiyar da ke da mai ita, in an gama ɗiba a kan tafi da guga gida. Wadda aka haƙa saboda Allah kuwa a kan bar mata guganta a kan gwafa dare da rana, don duk mai wucewa ya sha, kuma ba mai taɓa shi. Ya ce wani madugu ne ya haƙa wannan tun zamanin fatake, ya bar ta sadaka.

"Allah gafarta Malam, ba sai na yi rantsuwa ba. Ga shaidata can a rataye."

Ya juya ya nuna gwafar da sandarsa. Ba komai a kanta.

Malam Tanko bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ya sha ganin guga a nan, kuma ya daɗe yana cewa na Fulani ne, su ke kawo shi. Ga shi yanzu an hana su wurin, sun tafi da abinsu. Ya ce in da na sadaka ne, ai da yana nan. Mai unguwa ya fara rantse-rantse, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ardo ya tsaya yana kallon gwafar, sai ya tsuguna ya dafa kansa.

Zan faɗi gaskiya, na yi kamar minti ɗaya ban motsa ba. Na zo a matsayin baƙon alƙali, mutumin Kaduna, kuma na san abin da zai biyo baya a bakin Bazazzagi. Har na yi tunanin in bari a watse in dawo in rataye shi a ɓoye. Amma na ga alƙali ya jawo gafakarsa zai ciro tawada. Na tashi na buɗe jaka na ajiye gugan a gabansa, na ce ni na ɗauke shi jiya, na kuma faɗi dalili.

Tanko ne ya fara magana, a hankali.

"Na ce muku ku riƙe takalmanku. Ban san har rijiya sai an yi mata gadi ba."

Dattawan suka kwashe da dariya, har Ardo ya ɗago. Alƙali bai yi ba. Ya ce in matso in zauna inda masu shaida ke zama. Ya tambaye ni yaushe na zo, wa na gani, yaya na sami gugan. Na ce ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, a rataye, da danshi tun kafin in jefa shi, kuma na wuce mata huɗu da ruwa a hanyar. Ya tambaye ni ko ina da saniya, ko gona, ko dangi a ƙasar nan. Na ce babu. Ya ce to, a duk wurin ni kaɗai ne ba ni da abin ci a cikin maganar, amma shi bai san ni ba sai kwana huɗu, don haka yana bukatar mutum biyu da za su ce ni mai gaskiya ne. Na ce masa ai Arewa duka tana jin labari daga bakina tana yarda. Ya ce Arewa ba ta zo ba.

Audu ya ce ya yi kwana biyu da ni, ya ga ina salla a kan lokaci, kuma ban ci zalin jakinsa ba. Aka jira na biyu. Sai Tanko ya gyara zama, ya ce shi maganar nan ba ta yi masa daɗi ba, amma Bakanon da ya ɗauki abu ya mayar da kansa ba a tambaye shi ba, wannan a rubuta shaidarsa.

Duk da haka alƙali bai tsaya a kan bakina ba. Ya ɗauki gugan ya juya shi. Fatar ba ɗaya ba ce, an yi mata faci a wuri biyar, wani tsoho wani sabo. Mai unguwa ya ce al'adarsu ce, duk wanda ya yanka akuyar suna sai ya ba da yankin fata don gyaran gugan Madugu. Alƙali ya tashi ya shafa bakin gwafar, inda igiya ta ci itacen har ya yi santsi, ya ɗora igiyar a wurin ta zauna daidai. Ya ce wannan ba aikin wata ɗaya ba ne, ba kuwa aikin mutum ɗaya ba.

Hukuncin da ya yanke gajere ne. Ya ce Sarki yana da ikon keɓe daji don amfanin jama'a, wannan musulunci ya san da shi, kuma Tanko bai yi laifi ba da ya tsare abin da aka ba shi amana. Amma abin da wani ya riga ya bayar saboda Allah ya fita daga hannun kowa, har da Sarki, don haka ba a iya haɗa shi cikin gandu. Ardo bai shiga haƙƙin kowa ba, ba zai tashi ba. Ya ce a je a koro shanun su sha yanzu.

Tanko ya ce, "Allah gafarta Malam, Baturen daji zai tambaya. Dutsen nan yana nan inda yake."

"In ya tambaya ka ce ni ne. Yau zan rubuta wa Sarki, in rubuta masa shi ma. Kafin amsa ta zo, in akwai laifi a wuyana yake."

Ya sa ni na mayar da gugan kan gwafa da hannuna. Ana jiran shanu na roƙe shi ko yanzu zai yi magana a akwatin. Ya yarda, Audu ya koma unguwa ya ɗauko shi. Maganar alƙali ba ta yi minti uku ba. Ya ce shi bai san yadda za a tsara majalisu ba, wannan aikin waɗanda suka karanta shi ne. Abin da ya sani shi ne, duk wanda za a ba ƙasar nan ya riƙe, ya san riƙo aka ba shi ba mallaka ba, kuma akwai abubuwan da ya tarar ba nasa ba ne ko da ya ga ba kowa a kansu. Ya ce kada mai mulki ya hukunta abin da bai gani ba in yana da ƙafar zuwa, kuma ya tambayi mutanen wuri kafin ya gyara musu abin da yake zaton ya ɓace. Da ya faɗi wannan na ƙarshen bai dube ni ba, amma dattawan sun duba.

Shanun suka iso wajen ƙarfe goma, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Aka jawo kwamin itace, Ardo da mutanensa suka kama ɗiba. Da hannu ya yi kaɗan, Tanko ya tuɓe rigar aikinsa ya rataye a kan dutsen siminti ya karɓi igiya. Muka bar su a nan muka koma don mu sami Juma'a a Tabanni. Na iso Kaduna ranar Talata, a motar gyaɗa.

Abin da ya biyo baya Malam Tanko ne ya rubuto mini. Baturen daji ya je wurin bayan mako uku. Bai yarda a tayar da dutsen ba, ya ce wannan sai da izini daga sama. Amma ya sa an yanka burtali daga iyaka zuwa bakin rijiyar, aka kuma rubuta a takardar gandun cewa ruwan na kowa ne, mutum da dabba. Ardo Buba ya yi damina a rugarsa. Shanu biyu daga cikin waɗanda suka fi ramewa sun mutu kafin ruwan farko ya sauka, sauran sun tashi.